Bangon gorori da keke zai haska: a sa batir ko kar a sa?

Matashin Kabala:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ta matasa masu zane a nan Kaduna tana shirin wani aiki a watan Disamba, kuma muna neman shawarar waɗanda suka san lantarki da waɗanda suka san irin aikin fasahar da jama'a ke sa hannu a ciki. Bango ne na gororin roba 300 a kan ragar ƙarfe, tsawonsa mita 6, tsayinsa mita 2, kowace gora da 'yar fitila a cikinta. Mutanen unguwa ne za su sa takarda a gororin: awa nawa suka samu wuta a mako, nawa suka kashe a fetur ko gawayi, ina ruwa ya kai a gidansu da damina. Ba NEPA, ba janareta. Sai wani ya hau keke ya taka feda bangon zai kama. Kekuna uku muke da su.

An ce mana altanetar mota, wato na'urar da ke caja batirin mota, za ta iya mayar da takun keke ya zama wuta, gaskiya ne? Kuma wasu cikinmu na cewa a ɓoye batir a baya don kar mu ji kunya gaban baƙi idan wutar ta ƙi. Sannan muna so mu ja layin shuɗin fenti a jikin gidajen bakin kogi, daidai inda ambaliyar 2012 ta tsaya. Me kuka gani?

Injiniyan Tudun Wada:

Wa alaikumus salam ƙanena. Altaneta dai a bar ta a mota. Ba ta da maganaɗisu na dindindin, sai ta ci wuta kafin ta bayar, kuma abin da take ci ɗin ya kai wat 30 zuwa 40. Mutumin da ba ɗan tsere ba, abin da ƙafarsa za ta iya riƙewa na minti goma bai wuce wat 60 zuwa 75 ba. Ka ga rabin gumin mai takawa ya tafi a ciyar da altanetar. Ku nemi moton DC mai maganaɗisu, bolt 24 wat 250, irin na ƙaramin babur mai caji na yara. Gwajinsa a kasuwa ba wuya: ka haɗa wayoyinsa biyu da juna ka juya ƙarfen da hannu. In ya yi tauri, lafiyarsa lau. In yana juyawa sakwaf kamar ba a haɗa komai ba, burushinsa ya cinye ko waya ta tsinke a ciki.

Ga lissafin juyi. Keke mai haƙori 44 a gaba da 18 a baya, mai takawa na yin zagaye 60 a minti, tayar baya za ta yi kusan 147. Taya inci 26 faɗinta santimita 66 ne. In aka sa wa moton rola mai faɗin santimita 4 tana gogar tayar, moton zai yi wajen juyi 2,400 a minti, ya ba da bolt 18 zuwa 19 kafin a ɗora masa kaya. Daidai kenan. Matsalar ita ce samari. Da zarar sun ga 'yan kallo za su ninka gudun, bolt ya haura 35, fitilun bolt 12 su ƙone a daƙiƙa ɗaya. Don haka tsakanin moto da fitila dole a jera abu huɗu: dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) mai ɗaukar amfiya 20 ko fiye, a ɗaure shi jikin guntun alminiyam don ya sha iska, kafasita (mai ɗan riƙe wuta don ta daidaita) mai maikurofarad 10,000 wadda ke jure bolt 63, na'urar rage bolt da ke karɓar har 60 ta fitar da 12 cif, sai fiyus ɗin mota na amfiya 7.5. Dayod ɗin kar a ce ba batir don haka ba a buƙatarsa. Yaro ɗaya ya juya tayar baya-baya da hannu, wuta ta fito a juye, kafasitar ta kumbura ta fashe.

Yanzu ga inda shirinku ya cije. Bayan asarar goga da ta moto da ta na'ura, abin da zai isa fitila daga keke ɗaya wat 45 ne, in an yi sa'a 50. Fitilar da ta fi dacewa ita ce 'yar LED mai ido uku da masu allon talla ke sawa a bayan haruffa, ba ta jin ruwa, kowace tana cin kimanin wat 0.72. Gora 300 kenan wat 216. Kekuna uku ba za su ɗauka ba. Ko ku nemo biyar, ko ku rage gororin zuwa 180. Kowane keke da gora 60 nasa, kar a haɗa su layi ɗaya, domin mai ƙarfi zai riƙa ɗaukar kayan duka, marar ƙarfi yana taka iska. Sittin ɗin ma a raba su uku, ashirin-ashirin, kowane da makunni, yadda yaro ko dattijo zai haska 20 da wat 14 ba tare da ya sheme ba.

Waya kuma 2.5, ta tagulla zalla. A nisan mita 10 rabin bolt kawai za ta ci. Ku kankare bakin wayar da reza kafin ku biya: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan launi, gororin ƙarshen layi za su yi dishi-dishi. Tayar baya ta zama mai santsi, a cika ta da iska tam. Mai ƙuraje tana ƙugi har ba a jin magana. In kun ga baƙin gari na zuba ƙarƙashin rola, tana zamewa ne, a ƙara matse ta.

Batun batir, a ɓangaren aiki zalla ba ku buƙatarsa. Sauran maganar ta malaman fasaha ce.

Malamar Samaru:

Injiniya ya gama da ƙarfe, bari in taɓa mutane. Ɗana, kar ku ɓoye batir. Duk abin da aikin nan yake faɗa ya rataya ne a kan cewa in ƙafa ta tsaya, duhu ya dawo. Ranar da wani yaro ya leƙa baya ya ga batir, kuma sai ya leƙa, labarin da zai zaga unguwa shi ne kun sa mutane gumi a banza. Mutuwar wutar ba abin kunya ba ne, a nan ne ma jama'a ke fara gardama da juna kan wa zai hau. Ku ma rubuta lissafin Injiniya a allo da manyan baƙaƙe: wat 45 na nufin sai an taka awa 22 kafin a tara yunit ɗaya, yunit ɗin da aka sa wa naira 225 a rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa a rana, a Afrilun 2024. Dutsen guga ɗaya mai wat 1,000 sai kekuna 22. Wannan ya fi duk wani jawabi da za a yi da lasifika.

Abin da ya fi damuna shi ne wa zai taka. In ba a tsara ba, ga abin da ke faruwa: manyan baƙi na kan kujera da ruwan sanyi, almajirai da yaran unguwa na kan keke, mai kyamara na ɗauka. Sai a ce jama'a sun shiga, alhali yaran talakawa ne suka yi wa masu hali wuta kyauta, wato ainihin abin da kuka fito suka. A sa doka tun farko: minti uku kowa, agogo a fili, babban baƙo shi ne zai fara hawa kafin ya yi magana, yaro ba ya hawa sau biyu a jere, ga ruwan sha a gefe. Kuma mata fa? A unguwanni da yawa matar aure ba za ta hau keke gaban maza ba, ku kuwa yawancin takardun gawayi da icce daga hannunsu za su fito. Ku nemi keken ɗinki na ƙafa, wanda kowace ta san takunsa, a sa shi a rumfa ta daban. A kuma yi na juyawa da hannu saboda masu lalurar ƙafa.

Sa hannun jama'a ba a ranar buki yake farawa ba. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1970 yake fita Samaru da ƙauyukan kewaye irin su Bomo, kuma abin da aka koya a can shi ne a fara zama da mutane a ji matsalar daga bakinsu, su ne za su ce ga abin da za a nuna. Tambayoyi ukun da kuka tsara naku ne. Ku yi zama biyu ko uku kafin ku buga su, ɗaya da mata su kaɗai, za ku ji abin da ba ku zata ba: mai niƙa da injinsa, mai sayar da ƙanƙara, mai ajiye maganin sikari da ke buƙatar sanyi. A bar mai ajami ya yi da ajami, wanda ba ya rubutu ya faɗa a rubuta masa a karanta masa ya amince. Ba suna, ba lambar gida a takarda. Wanda ya rubuta cewa layinsu na jan wuta ta bayan mita ba don a tona shi ya rubuta ba. Hoto kuma a nemi izini da baki a gaban shaida, na yaro a wurin iyayensa ko malaminsa, a faɗa musu ƙarara cewa zai hau Facebook.

Sai harshen aikin. Ɗan Najeriya abin da yake fitarwa na iskar kabon a shekara bai kai tan 1 ba, na Amurka ya haura 13. Matar da ta koma gawayi saboda gas ya fi ƙarfin aljihunta, da mai shagon da fetur ya ninka masa tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ba su ne za a tsayar a yi wa wa'azin sare itatuwa ba. In rubutun allonku ya fara da "mu daina", ku sake shi.

Ku kuma yi wa kanku lissafi. A 2015 wani mai fasaha, Olafur Eliasson, ya kwaso manyan ƙanƙara 12 daga Girinlan ya jera a Faris lokacin taron sauyin yanayi, mutane na taɓawa suna narkewa. Aikin ya yi suna, amma jigilarsa ta fitar da kabon kimanin tan 30, kuma an yi ta gardama ko ya cancanta. Abin da na yaba shi ne sun sa an ƙirga, an kuma wallafa. Ku ma ku rubuta lita nawa motar ɗaukar kaya ta sha, da janaretan mai walda. Kowace litar fetur kilo 2.3 ce ta kabon. Ku manna jimillar a jikin bangon.

Mai Walda a Panteka:

Malama Allah ya ƙara sani. Ni ta ƙarfe zan yi. Kar ku yi bango ɗaya mai mita 6, ba motar da za ta ɗauka sai babba, kuma iskar hunturu in ta buge shi gaba ɗaya zai kwanta. A yanka shi gida biyar, kowane faɗin mita 1.2, ya zo daidai da keke biyar ɗin Injiniya. Sikwaya fayif inci ɗaya da rabi, biyu-biyu sun ishi kowane gida har da ƙafarsa. Ƙafar ta fita baya mita ɗaya, a tokare ta a karkace, a ɗora buhun yashi biyu. A haɗa gidajen da noti, ba walda ba, don a iya kwancewa. Bakin raga a lanƙwashe shi ciki, shi ke yaga hannun yara.

Mazaunin keke da angil inci biyu ake yi, tayar baya ta tashi daga ƙasa kamar yatsu uku. Moton kar a liƙe shi dam, a ɗora shi kan faranti mai hinji da sifirin yana jan sa zuwa taya, domin ba tayar da ke zagaye daidai, in an kafe shi boris ɗinsa zai tafi cikin kwana biyu. Rolar a kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya fere ta ya yi mata kaushi don ta kama taya. A rufe sarƙa da sifok da raga. Babbar riga da hijabi da yatsan yaro duk nan suke shiga.

Gora kuma fentin ruwa ba ya zama a jikinta, yana bushewa ya ɓare. Ko a goge ta da samfefa mai laushi ta yi hazo, hasken ma ya fi bazuwa a haka, ko a naɗa takarda mai launi a ciki. A huda gindin kowace da ƙusa mai zafi don kar ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Kuma ku saya, kar ku ce yara su tsinto. Gorar nan abincin wasu ce, 'yan jari-bola na tarawa, masu zoɓo da kunun aya na saye. Ku biya farashin da suke biya.

Amma Malama, a kan batir ban bi ki duka ba. Taron dare ne, ga yara ga tsofaffi ga waya a ƙasa. In wuri ya yi duhu ɗif wani ya faɗi, ba wanda zai tuna da ma'anar aiki.

Matashin Kabala:

Mun gode ƙwarai, iyaye da yayye. Keke biyar za mu nema. Mama, batun zama da mata su kaɗai mun ɗauka. To yaya za a haɗa maganarki da ta Yaya mai walda? Kuma ba wanda ya ce komai kan shuɗin layin.

Malamar Samaru:

Ba saɓani a ciki. Maganata a kan ɓoyewa ce. Fitilar hanya ta zama daban, batirinta a fili kan tebur, da takarda a jiki cewa wannan na rana ne, ba ya taɓa bango. Wayoyin biyu ma a yi su launi daban yadda mai shakka zai bi da ido ya gani.

Dattijon Unguwar Rimi:

Ɗana, layin nan ku yi masa tunani biyu. Tushensa sananne ne: a 2007 wata mai fasaha, Eve Mosher, ta bi unguwannin Niyu Yok da keken zana filin wasa tana ja da alli, tana nuna inda ruwa zai iya kaiwa, ƙafa 10 sama da teku, kuma da guguwar Sandy ta zo a 2012 ruwa ya shiga wurare da dama da ta zana. Amma lura da abu biyu. Alli ta yi amfani da shi, kuma a kan titi, ba a bangon kowa ba. Aikin ma hirar da take yi da masu tsayawa tambaya ne, layin dalili ne kawai.

A nan Kaduna lamarin ya fi haka nauyi. Gidajen bakin kogi a Kabala da Unguwar Rimi da Kigo Road da Nasarawa, duk shekara ana gargaɗin masu su su tashi, kuma kowa a garin nan ya san me fenti a jikin gida yake nufi. Ka shafa wa mutum layi, ka ɗauki hoto ka watsa, ka karya darajar gidansa, ka kori ɗan hayarsa, wataƙila ka nuna wa mai rusau hanya. Ɗan haya kuwa ba shi da ikon ba ku izinin bangon da ba nasa ba. Ku tafi gida ku kwanta, shi a bar shi da abin.

In kuna son tsayin ruwan ya fito, ku ɗauke shi daga jikin gida. Kowane mai gida ya auna da gora ko sanda inda ruwa ya kai masa, a yanke sandar daidai nan, a shafa mata shuɗi da farar ƙasa da bula, a kafa su a jere gaban bangon gorori ba tare da sunan layi ba. Mai kallo zai tsaya kusa da sandar da ta kai masa ƙirji ya fahimta. Kuma kar ku tsaya kan 2012 kaɗai, manya za su ba ku labarin ta 2003, a bar kowa ya auna wadda ya gani. Abu ɗaya da za ku kiyaye a rubutu: kar ku ce sauyin yanayi ne kaɗai ya kawo ruwan. Akwai gini a hanyar ruwa, akwai magudanan da shara ta toshe, har da irin gororin da kuke aiki da su. Mutanen wurin sun san haka, in kuka ɓoye za su raina sauran maganar.

Izini kuma daga ƙasa ake farawa. Mai unguwa tukuna, shi zai kai ku gun hakimi in da buƙata. Sai takarda ga ofishin 'yan sanda na yankin da 'yan sintirin unguwa, mako biyu kafin ranar. In filin makaranta ne, shugaban makaranta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. In za a kafa abu a gefen titi ko filin gwamnati, sai an bi ta KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Ku gayyaci liman da fasto tun a zaman shiri, ba ranar buki ba, kuma ku zaɓi wurin da na arewacin kogi da na kudanci duk za su iya zuwa hankali kwance. Ado a jikin bangon ya tsaya kan zayyana irin ta ginin Zazzau ko saƙar tabarma, a kauce wa siffar mutum da duk alamar da za a ce ta wani ɓangare ce. A Disamba magariba na yi ƙarfe 6 da 'yan mintuna, don haka a buɗe bayan sallah, a tsaya don isha, a tashi kafin 9.

Sannan kafin a sayi ko noti ɗaya, a rubuta wa zai gaji kayan. Makarantar da za ta karɓi kekunan don darasin kimiyya ta sa hannu, a san wa zai gyara in sun lalace. Gororin a mayar wa masu jari-bola. Takardun mutane ko a mayar musu ko a ƙone a gaban mai unguwa, yadda aka yi alkawari tun farko. Batir in ya mutu a kai wa dilan da ke karɓar tsoho a ba da sabo, kar a bar wa yara su fasa. Dalma ce a ciki, kuma mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito.

Injiniyan Tudun Wada:

Baba ya yi magana. Ga cikon fitilar hanya. Ƙwai shida na LED masu wat 5, bolt 12, awa uku, jimilla wat-awa 90 ke nan. Farantin sola mai wat 50 da kwantirola (mai daidaita cajin batir) mai amfiya 10 da batir mai amfiya-awa 26 sun wadatar, ba a ma zuƙe rabin batirin ba. Inbata ba ta da aiki a nan. Farantin ya kalli kudu, a ɗan karkata shi digiri 10 zuwa 15 tunda Kaduna na kan digiri 10 da rabi ne, kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya, ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi sosai. Batir ake fara haɗawa da kwantirola kafin faranti, in aka juya wasu kwantirololin ba sa gane bolt ɗin.

Keken ɗinkin Malama zai yi, amma kar a ɗora masa gora 60. A cire kan keken, a ɗauki bel daga babbar ƙafar ƙasa zuwa ƙaramar fuli a kan moton bolt 12 ko 24 ƙarami, irin na tsohuwar firinta. A fara da gora 10, a auna da mita, in bolt bai faɗi ƙasa da 11 ba a ƙara biyar. Shi keken ɗinki yana iya tashi ta kowane ɓangare, saboda haka maimakon dayod ɗaya a sa masa gada mai dayod huɗu, ko ta ina ya juya wutar ta fito daidai. Ku haɗa keke ɗaya cikakke tun Nuwamba, ku sa mafi ƙarfin cikinku ya taka iya gudunsa na minti ɗaya da fitilun a kashe sannan a kunne, ku taɓa dayod da na'urar rage bolt ku ji zafinsu, kafin ku sayi kayan sauran huɗun.